Wuƙar Aure da Sukurunta Ya Kwance

Zuwa ga Kawu Isiyaku,

Assalamu alaikum. Da wasiƙar masu rai ce, sai in ce ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan. Amma wata takwas ke nan da muka kai ka makwancinka a bayan Gazara, kuma ba gidan wayar da ke kai saƙo can. Na san ba za ka karanta ba. Ko kana raye ma cewa za ka yi rubutuna kamar tonon kaza. Duk da haka zan rubuta, don fushi nake yi da kai, kuma ba ni da inda zan kai shi.

Labarin gida kaɗan ne. Inna Talatu ta daɗe da fita takaba, tana lafiya, sai ciwon gwiwar nan. Sojoji na nan kan mulki inda ka bar su. Har yanzu sai an yi layi a Makarfi kafin a ga sabulu, taki kuwa sai dai a ji labarinsa a rediyo, kullum ana ce mana mu ƙara ɗaure ciki, kamar akwai sauran cikin. Ofishin gonar da suka sallame ka bayan shekara ashirin, awaki ne ke kwana a barandarsa.

Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Maganar wuƙarka ce.

Ka san wadda nake nufi. Wuƙar aurar da mangwaro, mai naɗewa, mai ƙota baƙa, wadda aka ba ka tun kana sabon malamin gona. Ita kaɗai ka fito da ita daga aikin gwamnati, ita da hawan jini. Ba ka yarda a feƙe rake da ita, ba ka yarda a yanke farce. Kai ka sha gaya mini cewa auren itace yanka ɗaya ne: a shafci reshen mai kyau, a shafci gindin na gida, fuska biyun su haɗu kamar tafi da tafi, ko iska kada ta sami wurin shiga, sannan a ɗaure da leda. In wuƙa ta yi rawa, yankan ya yi tudu da kwari, aure ya mutu tun ba a kai amarya ba.

To Kawu, ni na sa ta rawa.

Ranar da ka tafi ta'aziyya Janfalan ka bar ta a aljihun tsohuwar rigarka. Ni kuma ka san halina, tun da na koya wa kaina karatu da takardun gonarka ba abin da nake gani ban so in ga cikinsa ba. Na zauna gindin darbejiya da hantsi, na sa bakin almakashi na kwance ɗan sukurun da kaifin ke juyawa a kansa. Ashe akwai wasu zobba biyu na tagulla, sirara kamar ɓawon albasa, ɗaya kowane gefe. Ɗaya ya faɗi cikin yashi. Na tankaɗe yashin nan da rariyar Inna har azahar, ban gan shi ba. Wataƙila kaza ta haɗiye. Sai na yi dabarar masu ilimi: na yanko ɗan zobe daga bangon littafina, na huda shi, na sa a madadinsa, na murɗa sukurun da ƙarfi har na ji ya yi ɗan ƙara. Na mayar da ita aljihu. Har ina yaba wa kaina.

Kwana tara bayan nan Alhaji Mamman mai injin rake ya ba ka aikin lambunsa, gindi ɗari da hamsin, aikinka na farko tun da aka sallame ka. Rabin gari sun ce in nasa ya kama su ma za su kawo nasu. Ka je har Zariya ka zo da rassa a cikin jiƙaƙƙen buhu, ka ce kwana biyu gare su kafin su bushe. Ina tsaye a kanka ina miƙa leda. Na ga lokacin da ka yi yanka na biyar ka tsaya, ka kama kaifin da yatsa biyu ka girgiza. Na ga ka ciro sule ka goge gefensa a dutse ka ɗaure sukurun. Yanka uku, ya sake kwancewa. Ka ɗaure. Ya kwance. Haka ka yi wuni biyu, kana yanka kana ɗaurewa, gumi na ɗiga daga haɓarka, ni kuma bakina kamar an ɗinke.

Goma sha ɗaya suka kama. Sauran duk suka yi baƙi.

Nan fushina na farko yake. Me ya hana ka ari aska wurin wanzami? Me ya hana ka ce wa Alhaji wuƙa ta sami matsala, a dakata? Na san sabuwa ba ta samuwa, ko reza ta zama kayan gabas a lokacin. Amma kai da girman kanka, wai malamin gona ba ya aure da askar kaciya. Ka gwammace ka yi kokawa da sukuru da ka buɗe baki ka ce wani abu naka ya lalace.

Ka san abin da ya biyo baya, don a kunnenka aka yi. Alhaji Mamman ya tsaya a bakin masallaci yana cewa ashe gwamnati ba ta yi kuskure ba, ta san ruɓaɓɓun da take zubarwa. Masu shayi suka sa maka Kashe-aure. Yara suka ɗauka. Har wata tsohuwa ta aiko wai kada ka zo ɗaurin auren jikarta, wasa ne ko gaske, oho. Ka daina zuwa kasuwa. Ka daina zama a dakali. Ban ce baƙin ciki ne ya kashe ka ba, kwana ne ya ƙare, kuma asibitin da muka kai ka takarda kawai suka iya rubuta mana. Amma na ga yadda mutum ke raguwa a cikin rigarsa. Sau nawa na zo ƙofar ɗakinka da maganar a bakina, in ƙare da tambayarka ko in kawo ruwa?

Ranar sadakar bakwai mutanen nan suka cika zaure suna cewa mutumin kirki ne. Da suka fita na ji wani yana tambaya ko gidan Kashe-aure za su sayar da akuyarsu.

Fushina na biyu ya fi wannan. Da Inna ta fita takaba ta kira ni ta ba ni gwangwanin da kake ajiye tarkacenka. Ta ce kai ka ce a ba Shu'aibu, ai ya san cikinta. Ita ba ta gane maganar ba. Na buɗe. Ga wuƙa, ga sulen da ka goge. Ga kuma wata 'yar takarda a ninke, a ciki ɗan zoben kwalin nan nawa, ya lanƙwashe ya sha mai, amma har yanzu ana ganin rabin harafi ja a jikinsa. Duk gidanmu wa ke da littafi mai jan rubutu a bango in ba ni ba?

Ashe ka buɗe ta. Ashe ka sani. Tun yaushe? Tun daren farko, ko bayan rassan sun yi baƙi? Ka zauna muna cin tuwo a kwano ɗaya wata huɗu, kana tura mini nama gabana, ka sani. Me ya sa ba ka mare ni ba? Me ya sa ba ka ja kunnena har bakin masallaci ka ce ga ɗan banzan da ya ɓata mini wuƙa ba? Da an yi mini dariya sati biyu, an manta. Yaro ne, ya yi wauta. Sai ka ɗauki sunan ka rataya a wuyanka ka shiga kabari da shi. Kana ganin rufin asiri ka yi mini? Wa ya roƙe ka? Ka bar ni da kayan da ba mai sauke mini, don mai saukewar ya tafi bai ce uffan ba. Wannan ba haƙuri ba ne, Kawu. In horo ne, ya yi yawa.

Na kai wuƙar wurin Bitrus mai gyaran agogo a kasuwar Makarfi, abokin hirarka. Da ya gan ta sai da ya cire tabarau ya goge ido. Shi ya fahimtar da ni. Ya ce duk buɗewa da rufewa kaifin na jan kan sukurun kaɗan-kaɗan, zobban nan su ke raba su faɗa. In babu ɗaya, kaifin ya riƙa cizon sukurun yana mayar da shi baya. Ni kuma da na murɗa da ƙarfi na cinye masa zare, shi ya sa ko an ɗaure ba ya zama. Ya ce ko wanda ya ƙera ta aka ba a haka, ba zai yi yanka goma masu kyau a jere ba, kai kuwa ka fitar da goma sha ɗaya. Ya ciro zobe daga cikin wani mataccen agogo, ya samo sukuru a tarkacensa, ya ɗiga masa jan farcen matarsa kafin ya ɗaure. Ya ce a bar shi ya bushe, kuma in na ƙara taɓa shi da almakashi zai karya mini yatsa a madadinka.

Gindayen Alhaji ba su mutu ba, sun sake toho. Da ruwa ya sauka na roƙe shi ya bar ni in gwada ashirin. Yadda na ga kana yi haka na yi, ban ƙara komai ba. Goma sha bakwai suka kama. Jiya bayan la'asar ya tare ni a bakin masallacin nan dai, gaban jama'a, yana dafa kafaɗata, wai hannuna ya fi na kawuna albarka, wai na wanke gidanmu, in zo in ɗauki sauran lambun duka.

Ka san bakina. Na ciro ɗan kwalin na ɗora a tafin hannuna na zagaya da shi kowa ya gani. Na faɗi komai, tun daga almakashi har rariya. Na ce wa Alhaji mutumin da ya kira ruɓaɓɓe ya aurar masa da goma sha ɗaya da gurguwar wuƙa, shi ko da lafiyayya ba zai iya feƙe tsinken sakace ba. Wannan ta ƙarshen ba ta cikin shiri, ta fito ne kawai. Ya janye aikin nan take. Inna ta yi kuka, ba ta kula ni ba har yanzu. Ladan ne kaɗai ya ce Allah ya jiƙan Malam Isiyaku, an ɗauki alhakinsa. Malam Isiyaku fa ya kira ka, Kawu. Rabon da in ji an kira ka haka a garin nan tun kafin rassan su yi baƙi.

Yau da safe na wuce teburin mai shayi, wani ya ɗaga murya ya ce ga Kashe-aure nan tafe. Sunan bai mutu ba, gida ya sake. Na juya na amsa.

Ban huce ba tukuna, kada ka ɗauka na huce. Amma Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya yafe maka shirunka, ni kuma ya yafe mini nawa. Wuƙarka na aljihuna, ba ta rawa.

Ɗan ƙanwarka,
Shu'aibu Kashe-aure