Haƙoran Yaye

Doso, ranar Talata

Baban Gambi,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya Kumasi, ya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Sababbin haƙoran Gambi na gaba sun fito, amma ba farare ba. Launin ƙasa ne, da zane a tsakiya kamar an ɗaura musu zare. Na goge da gawayi har dasashinta ya yi jini. 'Yan ajinsu suna ce mata tsohuwa mai goro, yarinyar da ka sani da surutu yanzu sai ta rufe baki da hannu.

Na kai ta Yamai. Likita ya tambaya ko ta sha kafso ja da rawaya tana ƙarama. Ka tuna da aka kai ta yaye ƙauye wurin Inna, ta yi ta gudawa, Inna tana fasa mata shi a koko kullum? Ya ce lokacin ne waɗannan haƙoran suke ginuwa a ɓoye, maganin ya shige cikinsu. Wai haƙori yakan yi wa kansa sabon shafe daga ciki, tsamin da haƙoran ke yi mata in ta sha ruwan sanyi zai ragu, amma launin ya zauna ke nan.

Ga ƙaninta Hima ya isa yaye, Inna ta aiko za ta zo ɗaukarsa. Ni suruka ce, da wane baki zan hana uwarka jikanta? Don Allah ka aiko mata da magana. Tsoro nake ji.

Taka,
Bibata

Doso, ranar Lahadi

Baban Gambi,

Bayan gaisuwa, saƙonka ya iso, amma Inna ta riga shi da sati uku. Na yi mata bayani a durƙushe, ta yi dariya, ta ce 'ya'ya tara ta yaye, wanne ne ba ya tauna nama?

Jiya na kasa haƙuri, na bi su ƙauye. Na tarar da Hima ya yi ɓulɓul, Inna tana ta alfahari gudawar kwana biyu kawai ya yi. Yana zaune a tabarma yana wasa da ɓawon kafso, cike da murfin kwano.

Da ya gan ni ya washe baki, haƙoransa fari tas. Na Gambi ma haka suke ranar da na je ɗauko ta.

Ka gaida mutanen gidanku.

Taka,
Bibata