Aron Gonar Kanya

Malumfashi, Jihar Katsina.

Zuwa ga Yayana Zainulabidin,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Amatullahi da yara. Allah ya ƙara rufin asiri, ya tsare ku a zaman Fatakwal. Mu nan alhamdulillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana takawa Islamiyya da kanta. Abban Sadiq yana nan yana fama da shago, Sadiq kuwa ya fara tafiya, ya hana kajin maƙwabta sakat. Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direba a zamanin waya. Ka san ɗakunan hayar su Baba, ko tari ka yi a ɗaya an ji a ɗayan, ni kuma can nake wuni, maganar nan kuwa ba ta faɗuwa a gabansa. Ka sha tambayata abin da ya sa in ka kira Baba sai ya amsa gaisuwa ya miƙa wa Inna wayar. To, yau zan gaya maka.

Maganar gonar Kanya ce. Ka tuna lokacin da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyenmu muka kwaso su Baba zuwa nan, ya ba amininsa Malam Jibril aron gonar, ya riƙa nomawa kada ta koma daji kafin Allah ya kawo sauƙi. Kana tsaye aka yi, kai da Liman. Ba a rubuta komai ba. Mutanen da suka yi karatun allo tare, wa zai buɗe baki ya ce musu a kawo takarda?

Bayan haka ne aka kawo tsarin rajistar manoma ta waya, don rabon taki da iri. Ba zan ci haƙƙin yaran da suka tsara abin ba, sun yi ƙoƙari. Sun zaga kasuwanni daga Funtuwa har Kafur, sun zauna kan tabarma da manoma suna tambaya, wai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutane suka ce ba su da takardun gona, aka cire maganar takarda. Suka ce ba su iya karatun boko ba, aka sa murya da Hausa. Tambaya ɗaya tal aka bari, ko kai ne kake noma gonar. In ka amsa, sai ka zaga iyakarta da waya a hannu, ta zana ta, ta ɗauki fuskarka, shi ke nan. Aka daina wuni a layin sakatariya, aka daina bin wane da wane don sa hannu, mata da masu haya suka ga taki da idonsu. Ni da kaina na yaba. Malam Jibril ya zaga gonar Kanya da tasa wayar, kuma bai yi ƙarya ba, shi yake nomawa. Har ya aiko wa Baba da labarin, Baba ya yi dariya ya ce madalla, ashe gonar ma ta shiga boko.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ka dai ji rasuwar Malam Jibril bayan babbar salla, Liman kuwa ya riga shi tun bara. Da aka zo rabon gado, babban ɗansa Mus'ab, wanda a Kaduna ya tashi, bai san gabas da yamman gonakin ubansa ba, sai ya buɗe wayar marigayin ya nuna wa malaman rabo zanen. Ga gonar Kanya a ciki raɗau, da sunan Malam Jibril da fuskarsa. Sabon dagacin ƙauyenmu ya ce shi ma yanzu da zanen yake aiki, tunda waya ba ta mantuwa, ba ta kuma son kai. Tsofaffin da suka san zancen duk sun watse, wani na Kano wani na Zariya. Matar marigayin ta sani sarai, amma tana takaba, ta ce ita ba ta shiga maganar maza. Baba kuwa ka san shi da kunya. Ya je zaman makoki ya dawo bai tayar da zancen aron ba, wai ba zai yi maganar ƙasa ba alhali ƙasar kabarin amininsa ba ta bushe ba. Wallahi Yaya na yi ta faɗa, Allah na tuba, har na ɗaga masa murya. Kafin kunyar ta sake shi an riga an raba.

Da ƙyar na ja shi ofishin masu rajistar a Funtuwa. Muka samu wata yarinya Rahab, 'yar Kafur, tana cikin waɗanda suka zaga ƙauyuka suna tambaya tun farko. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba shi kujerarta, ta saurare shi har ƙarshe. Ta ce sun tambayi mutane zancen gado da saye da haya, amma ko mutum ɗaya bai ambaci aro ba. Na ce mata ina za su ambata, abin da kowa ya sani ai ba a faɗarsa. Ta nuna mana inda aka rubuta a ƙasan zanen cewa wannan ba shaidar mallaka ba ce, da ƙananan baƙaƙe kamar ƙwan ƙwarƙwata. Ta ce wanda ya yi rajista shi kaɗai zai iya sakin gonar, ta hanyar nuna wa wayar fuskarsa. Baba ya ce mata fuskar tana maƙabarta. Idonta ya kawo ruwa. Ta ce da can malamin gona yakan hau babur ya je ya tambayi maƙwabta ya gyara, yanzu kuwa aikinsu duka shi ne su tura koke sama su jira, ba ta da ikon taɓa ko layi ɗaya. Ta tura. Ta kuma yi alkawarin za a sa zancen aro a gyara na gaba, sai dai ga masu sabuwar rajista. Muna cikin mota a hanyar dawowa wayar Baba ta yi ƙara, ga muryar nan mai ladabi ta tsarin rajistar tana gode masa, tana tambaya ko ya gamsu da hidimar da aka yi masa. Ni na karɓe na kashe, don in na bari zan yi saɓo.

Na san abin da za ka ce, za ka taso ka ba da shaida. Yi zamanka, Yaya. Abban Sadiq ya tambayi malaman da suka san shari'a, sun ce ba a karɓar shaidar ɗa ga ubansa. Mus'ab ba mugun yaro ba ne, ya zo har gida ya durƙusa, ya ce da yana da hujja ko ɗaya da ya tsaya wa Baba. Amma gonar a rabon ƙannensa mata ta faɗa, mijin ɗaya har ya kai wani Alhaji mai son saye daga Funtuwa ya gani. An ce kayan aro ba ya rufe katara, wannan kam ya rufe har kai. Na rasa wanda zan tsine wa, kowa na bi sai in ga da kyakkyawar niyya ya yi nasa, kuma gonar ta tafi. Raina ya ɓaci, na kuma gaji.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya faru shekaranjiya. Ashe Baba yana da wani ƙullin irin dawa kaura a ƙarƙashin gado, cakuɗe da toka, na gonar Kanya, wanda Malam Jibril yake zaɓo masa manyan zangarniya duk kaka don ranar komawa. Da hantsi ya jawo shi ya ajiye gaban Inna, ya ce a wanke a kai inji. Inna ta ce masa iri ne fa, Malam. Ya ce ya sani. Tana kuka ta tuƙa tuwon, ni ko loma ban iya kaiwa baki ba. Shi kuwa ya cinye nasa tas, ya wanke hannu, ya yi hamdala.

Ka gaida Anti Amatullahi da kyau, ka shafa min kan Fiddausi da Murtala. Inna da Abban Sadiq suna gaishe ku. Ka ci gaba da kiran Baba ko da gaisuwar ce kawai, ka tambaye shi jiki, ka tambaye shi masallaci. Don Allah kada ka tambaye shi yaya damina.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Raudatu