Jar Kular Ƙarƙashin Gado

Azare, ranar Litinin.

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar taki, yaya mutanen Gadau? Na rubuto ne don na san kunnenki da waya, sai in yi ta ihu a ɗakin marasa lafiya kina cewa a maimaita. Yaya Jannatu ta karanta miki, amma ban da ƙarin gishirin da ta saba.

Jikin Hanan da sauƙi. Likita ya ce taifot ne, kuma ba zai sallame mu ba sai ta fara cin abinci. Tun zuwanmu kuwa ko kunu na kai bakinta sai ta kau da kai.

Inna, wani abu ya ɗaure mini kai. Jiya na fita sayo magani, da na dawo sai na tarar da wata jar kula a ƙarƙashin gadonmu, murfinta a tsage an ɗaure da ƙyalle. Na buɗe, faten tsaki ne da yakuwa, yana tururi. Ni da ban san kowa a Azare ba! Na bi gado-gado ina tambaya, kowa ta ce ba tata ba ce. Nas ta ce ita allura take yi, ba gadin kwanuka ba.

Na rufe na ajiye, na ce kowa ce ce za ta dawo. Sai ƙamshin ya tashi Hanan, ta miƙa hannu. Na ɗiba na ba ta, wallahi ta kuwa ci har tana lasar cokali. Na yi kukan murna, daga baya kuma na shiga tunani. Idan wani yaron aka kawo wa aka yi ɓatan gado fa? Ke nan na ciyar da 'yata da rabon marar lafiya, shi ya wuni da yunwa. Ba zan bar garin nan da hakkin mutane a wuyana ba, sai na nemo mai kular.

Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Zulaiha.

Azare, ranar Laraba.

Innata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina sanar da ke Hanan har rigimar ƙosai ta fara yi. Ni ce dai na kusa zama marar lafiyar.

Ke kika koya mini ba a mayar da kwano wayam, to tarbiyyarki ta jefa ni cikin ruɗani. Akwai wata tsohuwa Bafulatana a gadon da ke kallon namu, tana jinyar jikarta, kullum tana yi mini murmushi. Na ce lallai ita ce, kunya ta sa ta musa. Na wanke kular tas, na sayi ƙosai na cika, na kai mata. Hausarta kaɗan ce, Fulatancina kuma kin san daga gaisuwa ya ƙare. Ta karɓa hannu biyu tana ta sa mini albarka, na dawo ina jin na sauke nauyi.

Washegari sai ga ta da kular, cike da dambu. Ashe ba tata ba ce, ta ɗauka tawa ce na yi mata kyauta, ita ma uwarta ta koya mata abin da kika koya mini. Na nuna kular na nuna ta, ita ma ta nuna kular ta nuna ni, muka yi ta nune-nune har matan ɗakin suka fashe da dariya.

Ban daddara ba. Na ga wata mai shara tana yawan kallon kular, na zuba gyaɗa na ba ta. Da yamma ta dawo mini da ita da ɗanwake. Yanzu duk ɗakin ana ce mini mai jar kula, ana yabon kyautata, ni kuwa kunya kamar in nutse. Abin da ba nawa ba nake ta shan godiya a kansa.

Likita ya ce jibi zai sallame mu. In tafi da ita, na zama ɓarauniya. In bar ta a ƙasa wayam, da wane ido zan kalle ki? Na rasa inda zan sa kaina.

Taki,
Zulaiha.

Azare, ranar Juma'a.

Innata abin ƙaunata,

Ina fata kun tashi lafiya. An sallame mu, amma sai gobe za mu taso, direban da zai ba ki takardar nan zai riga mu.

Na ga wadda ta ajiye kular. Jiya wata mata mai suna Mairo, mutuniyar Chinade, ta kawo ɗanta a sake duba shi, ta leƙo ɗakinmu. Tana ganin kular a hannuna sai ta rungume ni tana hamdala, wai Allah ya haɗa ta da mai ita, ta shiga ba ni haƙurin jinkirin da ta yi. Ni kuma ina ta tura mata ina godiyar fate. Mun daɗe a haka kafin muka fahimci juna.

Inna, ita ma ba tata ba ce. A gadonmu ta yi jinyar ɗanta, ita ma a ƙarƙashinsa ta tsince ta da tuwo a ciki, ranar da guzurinta ya ƙare. Ta yi cigiya har ta gaji, aka sallame su ta tafi da ita gida, abin ya hana ta sukuni. Shi ne ta dafa fate, ta hau babur tun daga Chinade, ta mayar da ita inda ta same ta, ko mai ita za ta zo nema. Ba ta san da ni ba, ba ta san da Hanan ba. Da na faɗa mata fatenta ne ya buɗe bakin 'yata, sai ta zauna a bakin gado tana hawaye.

Na tambaye ta ko wadda ta kawo mata tuwon ita ce mai kular. Ta ce ai ita ma ba ta taɓa ganin ta ba. Wa ya sani ko mai tuwon ma mayarwa ta zo yi?

Yau da safe aka ba wata yarinya gadonmu, da ɗanta a kafaɗa, ba ta zo da komai ba sai zanin goyo. Na ari murhun tsohuwar nan a bayan ɗaki inda masu jinya ke girki, ta kawo tsaki, mai shara ta samo yakuwa, na dafa fate na zuba a kular. Da yarinyar ta fita karɓar magani na tura kular ƙarƙashin gado na fice.

Ta taga na hango ta, ta ɗauki kular tana bi gado-gado tana tambaya, matan ɗakin kowa na cewa ba tata ba ce, kuma babu wadda ta yi ƙarya. Na so in shiga in yi mata bayani, sai na rasa me zan ce, tunda ni ma ban san mai ita ba. Har yanzu ban gane ba ko mayarwa na yi ko bayarwa, ke za ki raba mini wannan in na iso. Abin da na gani dai kafin in bar tagar, ta gaji da tambaya ta zauna, ta kwance ƙyallen, yaron kuma ya buɗe baki.

A gaida Yaya Jannatu. Hanan ta ce a ajiye mata ƙanzo.

'Yarki mai kewarki,
Zulaiha.