Mai Bin Shanu a Farin Ƙyalle

Alabar, Zangon Kumasi,
Watan Rajab, 1956.

Zuwa ga yayana Sumana, a Bawku.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da Mma. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Ƙafar Gwaggo Ajara ta yi sauƙi, har ta koma suyar ƙosai a bakin titi, tana faɗa da masu koko kamar da. Humu 'yar Gwaggo ta sauka lafiya, namiji, an sa masa Abubakari, kowa ya gan shi sai ya ce hancin gidanmu ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne labarin da Issaka direban lori ya kawo, cewa yanar idon Mma ta ƙaru, yanzu sai abu mai girma da haske take rarrabewa. Allah Ya yaye mata, Ya sa kaffara ne.

Ka san aikina a kwalejin da ke bayan gari bai wuce shara da ɗauko wannan kai wancan ba, a ɗakin littattafai. To akwai wani ƙaramin ɗaki daga ciki inda ake ajiye finafinan majigi, abin da mutanen nan ke ce wa sini, kowanne a naɗe cikin gwangwaninsa mai faɗi kamar faifai. Mai kula da su wani Ba'asante ne, Mista Boateng, mutum mai sanyin hali, yana jin Hausa irin ta kasuwa. Da rana yakan ja labule ya kunna inji don ya duba lafiyarsu, ni kuma in tsaya in naɗe abin da ya warware. Yaya, idan hasken nan ya tsaga ɗakin ya faɗa kan farin ƙyalle, sai in manta tsintsiya na hannuna. Na je wurare da yawa ina tsaye a wuri ɗaya.

Makarantu suna aron finafinan nan, har na can arewa, in dai hedimasta ya rubuto, sai a ba motar majigi ta tafi da su. Tun da kai ne masinjan makarantarku, kuma na ji hedimasta yana jin maganarka, ka roƙe shi ya rubuto. Ya nemi na masunta da teku, don mutanenmu su ga ruwan da ba shi da tsallake, yana tashi tsaye kamar bango sannan ya kwanta, kwalekwale na hawansa kamar ƙuda a bayan saniya. Akwai kuma na wata ƙasa da ƙanƙara ta rufe fari fat, karnuka ne jakunansu, in mutum ya yi numfashi sai hayaƙi ya fito masa ta baki. Wannan yara za su yi wata suna maganarsa. Na sauro da wanke hannu kam kada ya wahalar da kansa, ko Mista Boateng gyangyaɗi yake in ya sa shi. Amma duk waɗannan rakiya ce. Wanda nake so ya nema shi ne na hanyar shanu, daga arewa zuwa Kumasi.

Wasu Turawa ne suka ɗauke shi shekarun baya. Ana nuna garke yana gangarowa mashigin Yeji, shanu sun shiga ruwa sai ƙahoni da hanci a waje. Da suka haye, sai ga wani mutum a bayansu, ya ba mu baya, sanda a gicciye kan kafaɗa, ya rataya hannuwa a kanta. Kafaɗar hagu ta ɗan sunkuya. Yana tafe yana ɗan jan ƙafa kamar mai sauraron ƙasa, sai ya saki hannu ɗaya ya dafa ƙugun wani bajimi, bai buge shi ba, dafawa kawai, kamar yadda ake dafa aboki. Bai waiwayo ba har ƙyallen ya koma kan wani abu. Yaya, sai na matsa kusa da ƙyallen. Tafiyar Baba ce. Ka san bai taɓa yarda an ɗauki hotonsa ba, ka kuma san a hanyar nan ya rasu, abokan tafiya suka binne shi, ko kabarinsa ba mu gani ba. Ni ina ƙarami ya tafi, abin da na fi riƙewa a jikinsa bayansa ne, domin kullum fita yake muna kallo daga ƙofa. Shi ya sa ban amince wa idona ba. Mai kewa ko kututture ya gani sai ya yi masa sallama.

Sai na roƙi Mista Boateng ya bar ni in kawo Alhaji Buraima, dillalin shanun nan da Baba ke sauka gidansa, ko zai shaida. Ranar Asabar ya zo da babbar riga, ya cire takalmi a bakin ɗakin kamar zai shiga masallaci. Ana kunnawa ya miƙe tsaye, ya hau ƙirga shanu da baki, yana cewa wannan ta rame, waccan ba za ta kai Ejura ba, wancan an yi wautar sayensa. Da bajimin ya fito ya buga cinya ya ce ya san shi sarai, ga tsagar kunnen garken da Hamadu, wato Baba, ke korowa, shi da kansa ya sayar da shi ga wani mahauci a Krofrom. Da aka buɗe labule na tambaye shi mutumin fa, sai ya dube ni ya ce wane mutum? Ashe ko kallonsa bai yi ba. Mista Boateng ya yi dariya har da hawaye, ni ma na yi, amma a hanyar gida na ga rabin shaida kawai na samu, domin garken nan ba Baba kaɗai ke bin sa ba.

Ga inda matsalar take. Fim ɗin ya tsufa, ya bushe kamar ganyen kaka. Duk sa'ad da ya bi ta cikin inji sai ya tsage a wani wuri, gyaransa kuwa shi ne a yanke inda ya lalace a liƙa baki da baki. Tsagar tasa kusa da wurin mutumin nan take. Farkon ganina da shi, sai da ya yi tafiya mai ɗan nisa kafin ya dafa bajimin. Ranar Alhaji kuwa, yana fitowa sai dafawa. Kowane kallo cin tafiyarsa yake yi. Alhaji ya baza labari a Zango, 'yan kara da mahauta suna ta tare ni a Alabar wai in kai su su ga shanun da, har Gwaggo ta yi fushi ta ce na zama Bature ina rowar inuwa. Na ba kowa haƙuri. Mista Boateng ya ce in an lallaɓa zai iya jure kallo ɗaya, biyu kam bai yi alkawari ba.

Mutum ɗaya ce a duniya za ta iya cewa shi ne ko ba shi ba ne, wato Mma, kuma idonta na rufewa. Don haka a rubuto kafin ruwa ya sauka hanya ta ɓaci. In motar ta zo, ka roƙi mai injin ya fara sa na shanun tun injin bai yi zafi ba. Ka shimfiɗa wa Mma tabarma gaba, kusa da ƙyallen, inda komai zai yi mata girma. Don Allah kada ka gaya mata komai tukuna, kada ka nuna da yatsa, kada ka bar Mamuna ta raɗa mata, ka san matarka ba ta riƙe magana. In an faɗa mata za ta gan shi ko da ba shi ba ne, don ta faranta mana. Kai dai ka bar kallon ƙyallen, ka kalli fuskarta. Gani ya kori ji. Abin da ta ce, ka rubuto mini shi yadda ta faɗa, ko da cewa ta yi ba shi ba ne. In kuma shiru ta yi, ka rubuto mini irin shirun.

Jiya Mista Boateng ya liƙe tsagar da kyau, ya riƙe gwangwanin a hannu ya ce mini, "Ramalan, in ya hau lori ba lallai ya dawo ba, in sa maka ka yi masa ban kwana?" Na dubi injin. Sannan na ce a'a, ya rufe. Abin da ya rage na tafiyar nan na Mma ne.

Ka gaishe mini da Mma, ka ce ɗanta na neman albarka. Ka gai da Mamuna da yara, da Habsatu da mijinta, da Kawu Abdulai in ya dawo daga Pusiga. Gwaggo Ajara na gaishe ku duk da fushinta, Humu ma haka. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙaninka mai jiran amsa,
Ramalan.