Furfurar Oga Sande

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri zuwa gare ka, Mai Fenti, a duk garin da wannan takarda ta iske ka. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali in ka yi, tun da ba a gaya mani ba. Mu nan Kankia sai godiyar Allah. An yi girbi, gero ya yi kyau, wake ne dai tsutsa ta ɗan taɓa.

Ka san ni ban san ko bihim ba. Ƙanwarka Binta ke rubutawa, ni ina faɗi. Na ce ta sa takardar a shafin shagonku na waya, inda take ba mutane labarin aikin da suka yi duk mako. Ta ce duniya fa za ta gani, na ce abin da nike so ke nan. Sunanka dai ba ni kamawa, kai ne na fari, kuma ko a gari ai Mai Fenti aka san ka.

Binta ta ce akwai wani da ba shi da hoto, sunan ma na aro ne, amma duk abin da ta sa, shi ke fara dangwala yatsa. Ta ce ba ta san ko wane ne ba. Ni ban yi boko ba, amma na san sawun abin da na haifa.

To bari in ba ka labarin shago, tun da kai ka kafa shi. Shina nan bakin titi inda ka bar shi, an ƙara mashi rumfa. Yanzu duk a kwamfuta take zanen, in babban aiki ne ta aika Katsina a bugo. Matan Dudunni masu man gyaɗa sun haɗa kai, sun zo a yi masu takardar liƙawa jikin kwalba. Binta ta zana ɗigon mai da furanni kewaye, ta kawo mani. Na ce wannan ai man kitso ne, wa zai zuba shi a miya? Ta koma ta sa gyaɗa uku da ɓawonsu. Yanzu har Kusada ana tambayar mai gyaɗa uku.

Malam Audu mai shayi na tasha ya sake allo. Ya tsufa, haƙora sun zube, amma rigima na nan. Ya ce a canza komi ban da butar da ka zana mashi, mai tururin nan da ya karkace kamar iska na kaɗa shi. Dole Binta ta ɗauki hoton tsohuwar ta maida a sabon.

Aikin taimakon gari ma Binta da yaran shago ba su bari ba. Sun yi allon tsallaka titi gaban firamare, kyauta, bayan mota ta kusa kwashe ɗiyan mutane. Sun yi wa mutanen ƙauyen Ƙofa na bakin burtsatse, hoton akuya da jan layi bisa kanta, don a daina kawo bisashe wurin ɗibar ruwan sha. Duk sai da aka kawo mani na duba. Ƙa'idar shagon ke nan yanzu: ba aikin da ke fita sai an nuna wa Inna. In na gane shi ba tare da an karanta mani ba, ya yi. In ban gane ba, a sake. Masu kawo aiki dariya suke, ana kai wa jahila takarda ta sa hannu. Ba su san mafari ba. Ni da kai mun sani.

Ina tuna ka kana ƙarami, da gawayin murhuna kake bin bangon zaure. Marigayi babanku ya shafe da safe, kafin la'asar ka maida, har ya gaji ya ce a bar ka, mai hali ba ya fasa halinsa. Ranar da ka zana jakin maƙwabcinmu da kunne guda a kwance, kowa ya wuce sai ya ce ga jakin Ɗan Ladi nan. Ban yaba ba, ba a yabon ɗan fari. Amma ranar na sa maka man shanu a tuwo fiye da na kowa, ban sani ba ko ka lura.

Ina tuna lokacin da kake rubutun bayan manyan motoci. Ka dawo gida hannu shuɗi, riga ja, ƙamshin kananzir ya riga ka shigowa. In mota ta wuce kan hanyar Kano ina dawowa daga kasuwa, sai in tsaya in dubi gindinta, ko aikinka ne. Rubutun ban iya karantawa, amma zakinka na san shi, kullum kamar mai shirin yin atishawa.

Sai ka sayi kwamfuta, kai ne na farko a layinku. Ba ka fi wata biyu da ita ba Oga Sande ya zo.

Don masu karatu da ba su san shi ba: Oga Sande mutumin kudu ne, Kirista, mai sayar da kayan babur, ya daɗe Kankia har Hausarsa ta fi ta wasu. Matarsa Maman Ngozi ƙawata ce, ita ta koya mani miyar agushi, ni na koya mata dambu. Wansa ya mutu can garinsu, za su yi mashi addu'a a cocinsu na nan, kuma su al'adarsu a buga hoton mamaci a liƙa. Ya kawo maka hoto guda, shi da wan nasa tsaye kafaɗa da kafaɗa cikin kaya iri ɗaya, ya ce ka ciro na babban ka buga. Ya hau mota ya tafi Kano sari.

Hoton tsoho ne, sun yi kama kamar an tsaga kara. Ka duba, ka ga ɗaya da furfura, ɗaya kai baƙi ƙirin. Ka ce ai babba shi ne mai furfura. Ina za ka san Oga Sande tun shina saurayi kansa ya yi fari, rini kawai yake sha nan garin? Don kirki ma, ba ka jira ya dawo ba, ka bi gari da kanka ka liƙa, tasha, bakin kasuwa, jikin shagonsa.

Sunan daidai ka rubuta, na wan ne. Amma mu da ba mu karatu, fuska muke karantawa. Na fito za ni awo, na ga idon Oga Sande na kallona daga jikin bango, da gicciye bisa kansa. Na koma gida na auni gero, na ɗauki gyale, na nufi gidansu ina hawaye. Na iske Maman Ngozi tsaye bisa benci tana shanya. Na yi mata gaisuwar mijinta. Ita kuwa ta san shina kan hanyar Kano, ta ɗauka haɗarin mota ya yi. Ta yi ƙara guda ta faɗo, hannu ya karye nan wuyan hannu.

Da la'asar mamaci ya sauko daga mota da kwalin kaya a kai, 'yan tasha suka watse da gudu. Gari ya yi wata shina dariya. Ni ban yi ba. Ni na kai mugun labari gidan ƙawata da ƙafata, kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sauke ta sai kanka. Na same ka ƙofar gida, mutane cike, na ce, "Tashi ka ba ni wuri, kar in ƙara ganin ƙafarka gidan nan."

Ka shiga ka ɗauki jaka. Na ɗauka Dudunni za ka wurin kawunka ka kwana biyu. Damina takwas ke nan.

Na san kana kiran Binta da Sallah, da lambar da ba ta zama guda. Na san in ta ce ga Inna sai ka ce a'a, Inna ta yi magana, ba ka tsallake maganarta. Ni na yi maka wannan tarbiyya, ga shi ita ta tsare mani hanya. Na sha cewa ta gaya maka ka dawo, ka ce ita ce ke gyara zance don ta ji tausayinka.

Abin da ya sa na yi magana yau: Oga Sande zai koma gida. Gwiwa ta hana shi tsayuwar shago, ɗiyansa sun ce ya isa, bayan Kirsimeti za su kwashe. Makon jiya ya zo a yi mashi ƙyallen ban kwana, na godiya ga mutanen Kankia. Ya kawo hoto, shi kaɗai a ciki, ya ce wa Binta ta duba da kyau, wannan karon shi ne, kuma da ransa. Ya daina rini, kan fari fat. Ya ce mutuwar da ka yi mashi ta fi komi amfani, don ranar ya san masu ƙaunarsa a garin nan, har wanda suka yi shekara ba su magana an gani bakin shago shina share ido.

Maman Ngozi ta zo gida ta zauna kan tabarmata. Hannun ya warke, sanyi kawai ke taɓa shi. Ta riƙe ni da shi ta ce, "Inna, ni da na karye na yafe tun ɗori bai kwance ba. Ke mi aka karya maki?" Ta ce ba ta son ta bar garin nan da sanin saboda ita wata uwa ta rasa ɗa.

To ka ji da kyau. A gaban mutane na faɗa, a gaban mutane nike janyewa, shi ya sa na ce a sa inda kowa zai gani. Waccan magana fushi ne, ba baki ba ne. Ban taɓa yi maka baki ba, ko a zuci. Kuskuren hoto naka ne, amma gaggawar kai labari tawa ce, kuma ni ce babba. Ka yafe mani. Ƙafarka, da ta duk wanda ka ajiye, gidan nan nasu ne. Ka zo kafin mutanen nan su ɗaura kaya, ka yi masu rakiya tasha. Ni ma ba yarinya ba ce, ido ya fara hazo, ina so in gan ka tun ina gane fuska.

Allah ya tsare ka inda kake, ya yi wa hannunka albarka, ya sa ka gama da duniya lafiya. Allah ya kai Oga Sande da iyalinsa garinsu cikin aminci. Allah ya jiƙan babanku. Allah ya sanyaya zuciyarka, ya juyo mani da kai ina da rai. Amin.

Na sa Binta ta karanta mani sau biyu. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, duk bakina ne.

Innarku, daga Kankia.