Baba, Ko Kai Ne a Ƙarshen Layi?

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi.

Ni ce Hajo, ɗiyarka. Ka san ban yi boko ba, jikata Ramatu ce ke rubutawa a wayarta, ta ce ma za ta sa mutane su karanta. Su karanta, ni da kai nake. Ke kuma rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara mini baki.

Ina ƙasar Sin, wani gari wai shi Gwanju. Ramatu na zuwa nan sarin jakunkuna tana kaiwa Maradi. Yanar ido ce ta rufe mini gani, na dama ya tafi, na hagu inuwa kawai yake gani. Ta ce akwai likitan da zai cire, amma in an ƙara jinkiri shi ke nan. An sa mini rana na ƙi fita, an sake sawa na ƙi. Gobe ce ta ƙarshe, don takardar zamanmu ta kusa ƙarewa.

Tsoro nake ji, Baba, kuma kai kaɗai za ka gane.

Akwai fili ƙarƙashin tagarmu, ta nan hanyar asibiti ta bi. Kullum da safe sai in ga tsofaffi sun jeru layi-layi, maza da mata, da takubba a hannu. Su ɗaga ƙafa tare, su juya tare, su soka iska tare. Ramatu ta yi dariya har da hawaye, wai motsa jiki ne, wai takobin gwangwani ne, ko albasa ba ya yankawa. To ni na san abin da ka faɗa. Ka ce a Indoshin, inda Faransa ta kai ku yaƙi, har tsohuwa mai tallan ganye soja ce. Ramatu ta ce waccan ƙasa daban, maƙwabta ne kawai. Na ce ai Maradi da Katsina ma an ce ƙasa biyu ne.

Ina tuna ranar da ka dawo. Na ɓuya bayan Inna don ban san ka ba. Dogo, baƙi, ƙafafunka duk tabo. Ka ce ba harsashi ba ne, takalmi ne. A barikin Damagaram aka ɗaure muku ƙafa cikin takalman da ba naku ba, aka aza muku jakar duwatsu, ku yi ta gudu cikin rana har wani ya faɗi. Wanda ya faɗi a ƙara masa dutse.

Sai buhunan. Ka ce ana rataye buhun yashi, a sa wuƙa a bakin bindiga, ka rugo da ihu ka soka, ka murɗa, ka zare. Safe da yamma, har hannu ya riƙa yi ba sai an ce masa ba. Kullum a nan kake tsayawa, ka dubi tafinka, ka ce: “Hajo, na bariki ba ya kuka.”

Ban gane ba sai ranar da na bi ka kasuwar hatsi. Mai gero ya ɗauko ƙarfen nan mai tsini ya soka wa buhu don mu ga ƙwayar. Kai da aka ce ba ka tsoron komai, sai ka durƙushe cikin ƙasa ka toshe kunne, gero na zuba ta bakin ƙarfen. Mutane suka ce iska ce ta buge ka. Daga ranar, Inna ce ke kwance bakin buhu a gidanmu, da hannu, a bayan ɗaki.

Ka ce Nasara na da jirgin sama, da motar ƙarfe, da nama a gwangwani. Su kuwa mutanen Indoshin shinkafa ce ƙulle a tsumma, da takalmin taya, ga su ƙanana, amma suka kore ku. Ka ce: “Mu an ce mu yi ne. Su gidansu ne.”

To gobe ni ce buhun, Baba. Za a kwantar da ni, a buɗe mini ido, ɗan irin mutanen nan ya zo da ƙarfe mai tsini. Yaya zan yi in kakarsa na cikin waɗanda suka yi kuka? Ramatu ta ce ba wanda ya san ni a nan. Amma kowa na cewa goshinka ne da ni.

Jiya ɗaya daga cikin tsofaffin ta hau har ƙofarmu. Ashe tana ganina a taga. Na ji kuben takobinta na bugun bango, na kama salati. Ta ce nihau, wai sannunsu ke nan, ta kama hannuna ta sa mini lemo. Hannunta duk ya yi kanta, irin na Inna. Ta taɓa idonta, ta taɓa nawa, ta yi ta magana. Ramatu ta ce wai ita ma an cire mata bara. Ban ci lemon ba, amma ban yar ba, ga shi nan gefen filo.

Akwai abin da ban gaya wa Ramatu ba, yanzu za ta ji. A ƙarshen layinsu akwai wani dogo, baƙi. Kowa na juyawa, shi yana tsaye ƙyam, da kaya a baya, kamar mai jiran a ba shi izini. Kullum yana nan. Ke kar ki leƙa, ban tambaye ki ba, rubuta kawai.

Zan je gobe, Baba. Zan ratsa filin nan, in kwanta, in buɗe idon da kaina. Ina so in gani. In itace ne ko ƙarfen fitila, to na rasa ka karo na biyu, zan haƙura. In kuwa kai ne, zan sauko da ƙafata in sauke maka jakar nan, in ce maka an tashi, Faransa ta tafi tuntuni, ka je ka kwanta.

Allah Ya jiƙan ka, Ya jiƙan Inna. Allah Ya jiƙan waɗanda suka yi kukan, ko da ban san sunansu ba. Ya sa hannun yaron nan likita kar ya yi rawa.

Ɗiyarka mai ɓuya bayan zane,
Hajo