Kaka Mai Karatu a Juye

Zuwa ga Kakata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi.

Kaka, alfarma nake nema. Ƙarshen wata za mu buɗe ɗakin karatu a makarantarmu ta 'yan mata, kuma ni aka ɗora wa shirya tarihin yadda mata suka samu shiga aji. Na jera hotuna a bango tun daga ajin farko na garinmu, yara talatin babu mace ko ɗaya. Ina so ki zo ki zauna a gaba, ɗalibaina su ga macen da aka hana karatu, su san gatan da suke ciki. Ba sai kin yi magana ba. Na tanadi tawada, ki dangwala yatsa a rajistar baƙi, shi ke nan.

A gaida Kawu, da godiyar karanta miki wasiƙuna da rubuto amsa.

Jikarki,
Malama

Malama,

Wa'alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, zuciya ce kika ɓata.

Wato abin kallo kike nema, kika rasa sai ni? Kawun naki da ko takardar magani sai ya kawo mini na duba masa, shi ne mai rubuta miki wasiƙa? Shekara tara ina rubuto miki da hannuna, kina gode wa wani. Ba zan zo ba.

Kakarki

Kakata,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Amma Kaka, ke ma kin san dalili. Tun muna yara muke ganinki a bakin ƙofa da jarida a juye, kanta a ƙasa, muna toshe baki muna dariya. Mun ɗauka kwaikwayon masu karatu kike yi. Ko sau ɗaya ba ki tanka mana ba. Don Allah ki warware mini.

Jikarki mai laifi

Malama,

Na amsa gaisuwa. Ban tanka ba don babu wanda ya tambaya, dariya kawai kuka iya.

Mahaifinmu ya sa yayana a makaranta, ni ya ce aji ba wurin mace ba ne. Kullum da la'asar Yaya zai baje littafinsa a kan ɗan teburin tsakar gida, ni kuma in zauna a gabansa da tiren tsintar shinkafa, muna fuskantar juna. Yana bin layi da yatsa yana karantawa da ƙarfi, ni ina bin yatsan da ido. Daga inda nake, kowane harafi kansa a ƙasa yake. Haka na san su, haka suka zauna mini. Shekara huɗu muna haka. Har nakan riga shi gane kalma, in yi tari in ya yi kuskure.

Rubutu ma haka nake yi, daga ƙasan takarda, daga dama. In na gama sai in juya ta, ta fito miki daidai. Shi ya sa ba ki taɓa ganewa ba, mai digiri.

An hana ni aji, wannan gaskiya ne, kuma ya yi mini ciwo. Karatu kuwa babu wanda ya isa ya hana ni.

Kakarki

Kaka,

Barka da war haka. Na juya wasiƙarki na yi ta kallo, kunya ta ishe ni. Na cire takardar da na manna a kujerarki, mai cewa “wadda aka hana karatu”. Jawabin buɗewa na shugabar makaranta ne, na roƙe ta ta bar miki, ta yarda. Za ki zo?

Jikarki

Malama,

Ina gaishe ki. Zan zo. A mayar da tawadar inda aka samo ta, a ajiye mini biro. Duk wadda ta yi karambanin gyara mini riƙon takarda, za ta ji bakina.

Rajistar kuma kada ki juyo mini ita. Ki bar ta tana fuskantarki, ki tara 'yan matan a bayanki, su ga sunana yana fitowa daidai.

Sai na zo.
Kakarki